Auren sauƙi a Ingila da wanda ba ɗan ƙasarku ba: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne dai kullum suke dawowa daga 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke Ingila, waɗanda jininsu ya haɗu da 'yar Pakistan, ko Basomale, ko Baturiyar da ta musulunta, suna so a ɗaura a wuce wurin ba tare da wata hidima ba. Ga amsoshin wuri guda. Maganar Ingila da Wales ake yi, Scotland dokarta daban ce.

Liman ya ɗaura mana aure a masallaci. Shi ke nan ko?

A addini an ɗaura, in sharuɗɗa sun cika. A wurin hukuma kuwa, galibi ba a yi komai ba. Auren masallaci yana zama na doka ne idan masallacin yana da rajistar ɗaura aure, kun ba da sanarwa tun farko, kuma jami'in rajista ko wanda hukuma ta ba izini yana wurin. Masallatai da yawa ba su da wannan rajistar, don haka ku tambaya kafin a sa rana.

A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci kan wata mata da aka ɗaura mata aure a wani gidan abinci a Landan a 1998. Sun yi kusan shekara 18 tare, da 'ya'ya huɗu, amma kotu ta ce a doka ba a yi aure ba, saboda haka ba ta da damar neman rabon dukiya irin na matar aure. 'Yar'uwa, ke abin nan ya fi shafa. In miji ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta ƙasar ba ta san da ke ba. Duk wanda ya ce miki "za mu yi rajista daga baya", ki ce masa a fara da ita.

To yaya ake rajistar?

Ku nemi rana a ofishin rajista na ƙaramar hukumar da kuke zaune, don ba da sanarwar aure. Dole mutum ya cika kwana 7 a yankin kafin ranar. In ɗayanku baƙo ne mai zama da biza, tare za ku je. Ku riƙe fasfo, da shaidar biza, da hoton fasfo na kowannenku, da shaidar adireshi, wato takardar banki ta cikin wata guda ko takardar wuta ko gas ta cikin wata uku. Za a kafe sanarwar kwana 28 cif. Ana tura bayanin mai biza ga Ma'aikatar Cikin Gida, in ta ga dama ta bincika ko auren gaskiya ne, jiran zai koma kwana 70. Bayan haka kuna da wata 12 daga ranar sanarwa ku ɗaura, a gaban shaidu biyu.

Inda mutane suke tuntuɓe: ana rubuta sunan wurin da za a ɗaura auren a cikin sanarwar. In kun canza wuri, sabuwar sanarwa, sabon kuɗi, sabon jira. Kada ku biya kuɗin zaure ko ku saya wa iyaye tikitin jirgi a kan lissafin kwana 28. Ku lissafa da 70.

Na shigo da bizar ziyara, zan iya?

A'a. Akwai biza ta musamman ta zuwa ɗaurin aure, ta wata 6, kuma in an gama gida za ka koma.

Auren zai ba ni takardar zama?

Ba kai tsaye ba. Biza ce daban za a nema, kuma tun Afrilun 2024 sai an nuna samun kuɗin da ya kai fam 29,000 a shekara, ko ajiyar da za ta tsaya a madadinsa. Wanda kuma takarda ce kawai ta kai shi neman auren 'yar mutane, ya ji tsoron Allah.

Mahaifinta ba Musulmi ba ne, wa zai zama waliyyi?

In ta musulunta kuma ba ta da namiji Musulmi a danginta, limamin masallaci ko shugaban cibiyar Musulunci ya tsaya mata. Kada angon ya ɗauko abokinsa ya ce ga waliyyi. Masallatai da yawa a Ingila na mabiya mazhabar Hanafiyya ne, inda baligar mace mai hankali take iya ɗaura wa kanta aure. Mu Malikiyya muka tashi a kai, ba aure sai da waliyyi, kuma ranar da labari ya isa gida wannan za a fara tambaya. Ku yi da waliyyi, hankalin kowa ya kwanta. Mahaifinta kuma a gayyace shi, a zaunar da shi a gaba, a nemi albarkarsa. Rashin waliccinsa bai cire shi daga zama uba ba.

Za a iya ɗaura mana a Kano ko Zinder da wakili, mu muna nan?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, ku bi ta a hankali.

Ta fuskar addini babu matsala. Ango ya wakilta wani, waliyyin amarya ya halarta ko shi ma ya wakilta, a yi siga a gaban shaidu, a ambaci sadaki. Haka ake yi a gida ko da ango yana gari. Ɗaurawa ta waya ko ta bidiyo kuwa malamai sun yi saɓani a kai, shi ya sa wakilci ya fi zama lafiya.

Ta fuskar doka, ƙa'idar Ingila ita ce ana duba dokar ƙasar da aka ɗaura auren. In ya inganta a can, a bisa asali ya inganta a nan, ko da ma'auratan ba su halarta ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan a 2017 a wata shari'a kan auren wakilci da aka ɗaura a Ghana. Najeriya kuma ta amince da auren Musulunci. To amma nauyin kawo hujja a kanku yake. Takardar da aka rubuta da biro a ƙofar masallaci, ba hatimi, ba cikakken suna irin na fasfo, mai yiwuwa jami'in biza ya ƙi ta. Kuna bukatar takardar aure daga kotun shari'a ko ƙaramar hukuma, da rubutaccen wakilci mai kwanan wata kafin ranar ɗaurin, da fassarar ƙwararre in an rubuta da Hausa ko Larabci ko Faransanci. Ko da duk wannan, ya danganta da ko kowannenku yana da ikon yin aure a dokar ƙasar da take mazauninsa na dindindin. Misali, in angon yana da mata a gida, amaryar kuma mazauniyar Ingila ce ta dindindin, auren ɓatacce ne a dokar nan, komai kyan takardar.

Ga kuma tarkon da ba a cika gani ba. In auren Kano ya inganta a doka, ku ma'aurata ne tuni, ofishin rajista ba zai sake ɗaura muku ba. In kun je kun ce ba ku da aure don a ba ku takardar Ingila, kun yi wa hukuma ƙarya, kuma laifi ne. Sai mutum ya tsinci kansa a tsakiya: takardar gida ba ta gamsar ba, ta nan kuma ba ta samuwa cikin sauƙi. Sannan in kuna da niyyar ƙaura, Amurka ba ta karɓar auren wakilci a harkar biza sai an nuna ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin, Kanada kuwa ta daina karɓarsa tun 2015.

Ga yawancin mutane abin da ya fi sauƙi shi ne a juya tsarin: a fara yin rajista a nan, kowa ya koma ɗakinsa, sannan iyaye su ɗaura a gida ranar Juma'ar da ta biyo baya, a raba goro da alewa, sai a tare. In an riga an ɗaura a gida, ko ɗayanku ya taɓa aure, ku ga lauyan shige da fice kafin ku cike kowace takarda.

Na saki matata ta farko da baki, ya isa?

In auren na doka ne kuma a Ingila ka furta sakin, bai isa ba, sai kotu ta raba. Wanda ya yi rajistar sabon aure alhali na farko yana nan, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 7. Sakin da aka yi a gida kuma, a kawo takardar kotu, za su duba ta kafin su amince, kuma yana ɗaukar lokaci.

Nawa ne sadaki?

Mafi ƙaranci a Malikiyya rubu'in dinari, wato zinare giram ɗaya da 'yan kai. Sama ba iyaka. Nata ne, ba na iyayenta ba. Ku yanke shi tun kafin ranar, a rubuta nawa aka biya, nawa ne ajalan. Surukan da ba Musulmi ba a yi musu bayani da kyau, kada su ɗauka sayen 'yarsu ake yi.

Lefe fa? Gwaggo ta ce ba aure sai da akwati.

Al'ada ce, ba sharaɗi ba. Akwati ɗaya, atamfa uku ko huɗu, mayafi, takalmi, turare, ya wadatar. Kada ka ci bashi a kan kayan da ba za ta ɗaura a sanyin Manchester ba. Amma in ka yafe wa kanka lefe da kamu, kada ka hana ta daren lallenta. Sauƙin ya zama na ɓangare biyu.

Ita ba baƙar fata ba ce, sai mun yi gwajin jini?

Sai kun yi. Wannan sakacin yana ba ni tsoro. Wasu daga cikin mutanen Pakistan, Indiya, Bangladesh, ƙasashen Larabawa da Girka da Italiya suna ɗauke da ƙwayar wata cutar jini mai suna talasimiya. In mai AS ya auri mai ɗauke da nau'inta na beta, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar yaro mai ciwon sikila. Ku je wurin likitanku ku nemi gwajin duka biyun, tun kafin iyaye su shiga maganar.

Walima dole ce?

Sunna ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi ta ko da akuya guda. Mutum 30 a falo ko zauren masallaci, shinkafa kilo 4, nama kilo 6, lemo da dabino, an gama. In dangin amarya masu shan giya ne, ku sa ta da rana tsaka, ku faɗa musu tun a katin gayyata cewa ba za a kawo ba. Ku ajiye waya guda a kan teburi mai cikakken caji don mutanen gida su gani, kuma ku duba agogo: lokacin sanyi Najeriya da Nijar suna gaban Ingila da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa lokaci ɗaya ne.