Harajin Harsashi a Amurka: Wa Ke Biya, Wa Ke Cin Moriya?

A Amurka, mutumin da ya sayi kwalin harsashi ya tafi filin gwada saiti ya huda takarda ya koma gida, ya sa kuɗinsa a kula da barewar daji, ko da bai taɓa fita farauta ba. Abin da ya haɗa shi da barewar wata doka ce da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 2 ga Satumba, 1937. An fi saninta da sunan Pittman-Robertson, wato sunayen 'yan majalisa biyu da suka gabatar da ita: Sanata Key Pittman na jihar Nevada da ɗan majalisar wakilai Willis Robertson na Virginia.

Halin da dajin Amurka ke ciki a lokacin shi ya haifi dokar. Maharban da ke farauta don kasuwa sun yi wa namun daji ƙarƙaf tun ƙarni na 19. Ɓaunan ƙasar da a da ke tafiya garke-garke cikin miliyoyi sun kusa ƙarewa, wata tattabarar daji kuwa da takan rufe sararin sama saboda yawa ta ƙare baki ɗaya: ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Jihohi na da dokokin farauta a takarda, amma ba su da kuɗin ɗaukar masana ko sayen filayen da dabbobi za su sake hayayyafa.

Ba a ƙirƙiro sabon haraji ba. Akwai harajin bindiga da harsashi tun kafin nan, yana shiga baitulmalin gwamnatin tarayya kamar kowane kuɗi. Dokar ta karkatar da shi ne zuwa wani asusu na musamman. A yau kashi 11 cikin 100 ake karɓa kan dogayen bindigogi da harsasai, kashi 10 kan ƙananan bindigogin hannu, waɗanda aka shigar a 1970, sai kayan kwari da baka da aka ƙara a 1972. Kamfanin da ya ƙera kayan ko ya shigo da su daga waje shi ke biya, don haka mai saye ba ya ganin harajin a rasit, yana cikin farashi ne. Hukumar kula da kifaye da namun daji ta tarayya ce ke raba kuɗin ga jihohi. A 2022 abin da aka raba ya haura dala biliyan 1.

Rabon yana da ƙa'ida. Ana duba abu biyu, kowanne da rabin nauyi: faɗin ƙasar jiha, da yawan mutanen da suka sayi lasisin farauta a cikinta. Babu jihar da za ta samu fiye da kashi 5 cikin 100 na jimlar, babu kuma wadda za ta samu ƙasa da rabin kashi 1. Kuma ba a miƙa wa jiha kuɗi a hannu ta yi abin da ta ga dama. Sai ta tsara aiki, an amince, ta kashe, sannan tarayya ta mayar mata da kashi 75 cikin 100. Ragowar kashi 25 daga aljihunta ne, galibi daga kuɗin lasisi. Jihar da ta yi sanyin jiki ta bar kasonta shekara biyu bai taɓu ba, kuɗin ya wuce ta, a mayar da shi ga aikin kare tsuntsaye masu ƙaura.

A ganina, ƙarfin dokar duk yana cikin wani ɗan sharaɗi da Robertson ya saka. Kafin jiha ta ga ko sisi, dole majalisarta ta kafa dokar da ta haramta taɓa kuɗin lasisin farauta don wani abu daban da ba gudanar da hukumar namun daji ba. Robertson ya taɓa shugabantar hukumar farauta ta Virginia, ya san yadda 'yan siyasa ke kallon irin wannan kuɗi idan aljihun gwamnati ya bushe. Da wannan sharaɗi, gwamnan da ya ɗebi kuɗin lasisi ya gina titi ya jawo wa jiharsa asarar kasonta daga asusun tarayya. Da kuɗin asusun aka sayi filayen daji, aka kamo barewa da talotalon daji daga inda suka saura aka sake su inda suka ɓace, har suka dawo da yawa.

To, dabbar da aka dawo da ita, ana iya cin ta? Ana iya ci, amma da iyaka. Maharbi mai lasisi, wanda ya harbi dabba a lokacin da aka buɗe farauta bai kuma wuce adadin da aka yanka masa ba, yana iya cin namansa, ya yi kyauta da shi, ko ya ba da shi ga ƙungiyoyin ciyar da mabuƙata. Sayarwa ce dokokin jihohi galibi suka hana. A bayansu kuma akwai dokar Lacey ta 1900, wadda ta mai da tsallaka iyakar jiha da naman da aka samu ta haramtacciyar hanya laifin tarayya. Shi ya sa naman barewar da ake gani a gidajen abinci na Amurka na kiwo ne, da yawansa ma daga New Zealand yake zuwa.

Maciji kuwa bai da rabo sosai a wannan asusu. Babban kason kuɗin na tsuntsaye ne da dabbobi masu shayarwa, don haka macizai da kunkuru da kwaɗi sai dai su ci albarkacin filin da aka saya domin wasu. Kariyarsu daga wata hanya take zuwa, musamman dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973. A ƙarƙashinta an sa wani baƙin maciji da ake kira indigo cikin jerin masu kariya a 1978, an ƙara wani ƙaramin maciji mai kaɗa ƙararrawar wutsiya da ake kira massasauga a 2016. Kashe irinsu laifi ne. Dokar ta yi sassauci ga wanda ya yi hakan da kyakkyawar niyyar kare kansa ko wani daga rauni, sai dai macijin da ke tafiyarsa nesa da kai bai ba ka wannan hujjar ba. Ga sauran macizai, kowace jiha da nata hukuncin.

Inda ake ja-in-ja yanzu shi ne wa ke biya. Yawancin masu sayen bindiga da harsashi a Amurka yau ba maharba ba ne. Masu harbin nishaɗi ne da masu ajiye bindiga don tsaron kai. Amma rabin rabon har yanzu yawan lasisin farauta yake bi. An ɗan share musu hawaye: rabin harajin bindigogin hannu da na kwari da baka ana ware shi don koyar da maharba kiyaye haɗari da gina filayen harbi, kuma a 2019 wata gyarar doka ta ɗaga kason tarayya na gina irin waɗannan filaye zuwa kashi 90 cikin 100, ta ba jihohi shekara 5 su kashe kuɗin.

Wasu dai ba su gamsu ba. A 2022 ɗan majalisa Andrew Clyde na Georgia ya kawo ƙudurin soke harajin, yana cewa bai dace a ɗora haraji kan haƙƙin mallakar bindiga da tsarin mulki ya bayar ba. Ƙungiyoyin maharba da kansu suka tashi suka yi masa ca, ƙudurin bai je ko'ina ba. A shekarar ce kuma majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri da zai samar da kuɗi na dindindin ga dabbobin da ba a farautarsu, har da macizai, amma bai tsallake majalisar dattawa ba.