Mece ce “siginal” a cinikin fiyucas, kuma ina kuɗin mai biya ke zurarewa?

Siginal shawarar ciniki ce da ake sayar maka. Kana biyan wani kuɗin wata, shi kuma yana turo maka saƙo: saya ko sayar da kaza a farashi kaza, ka fita a nan in an ci riba, ka yanke asara a can. A Amurka sana'ar ta daɗe, tun ana aika takardar ta gidan waya ga masu cinikin masara da alkama a kasuwar Chicago. Yanzu ta koma Telegram da WhatsApp, kuma a nan matasanmu masu kirifto suka same ta.

Shi fiyucas yarjejeniya ce a kan farashin gaba. Ba ka biyan kuɗin kayan duka, ɗan kafin alƙalami kake ajiyewa, wanda ake kira majin. Kwangilar ɗanyen mai ɗaya a Amurka ganga 1,000 ce, don haka motsin dala ɗaya a farashi dala 1,000 ne a aljihunka. Ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin wannan kwangila ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili kan kowace ganga, wasu suka tashi da bashin da ya wuce abin da suka ajiye. (Ta fuskar Shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta yanke tun 1992 cewa cinikin da aka jinkirta kuɗi da kaya gaba ɗaya bai halatta ba.)

Ga lissafin a kirifto. Ka sa dala 100 da ninki 20, ka riƙe cinikin dala 2,000 ke nan. Farashi ya juya maka baya da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, dandalin da kake ciniki a kansa zai rufe cinikin da kansa, ɗarin nan ta ƙone. Ko da farashin ya dawo bayan awa ɗaya ya kai inda mai siginal ya faɗa, shi zai rubuta ya ci, kai kuwa an riga an yi waje da kai. Dukanku gaskiya kuka faɗa. Shi alkiblar farashi yake ƙirgawa, kai kuma asusunka.

Haka zancen masu siginal na “muna cin takwas cikin goma”. In kowace nasara dala 10 ce, an samu 80. Biyun da suka faɗi, in kowanne ya cinye majin, an rasa 200. Ga kuma yadda ake jera matakan riba uku ko huɗu: da farashi ya taɓa na farko sai a buga hoton kore, ko da daga nan ya rikito ya bi ta kan kowa. Saƙon da ya faɗi kuwa gogewa ake yi.

Sai lokaci. Kafin ka ga saƙon, ka buɗe manhaja, farashin ya gusa, don mutum ɗari sun riga ka dannawa. A ƙaramin kuɗin kirifto da ba shi da masu ciniki da yawa, mai siginal na iya saya tun kafin ya tura, ya sauke kayansa a kan mabiyansa.

Abin da aka fi ɓoyewa shi ne la'ada. Da yawa daga masu siginal sai ka buɗe asusu ta mahaɗinsu kafin su sa ka a rukuni, dandalin kuma yana ba su kaso daga kuɗin da ake cire maka a kowane ciniki. Ana cire wajen kashi 0.05 cikin ɗari a shiga, haka a fita, kuma a kan dala 2,000 ɗin ake lissafi, ba a kan ɗarinka ba. Dala 2 ke nan duk zagaye. Siginal biyar a rana, dala 10 ta tafi ko an ci ko an faɗi. Shi ya sa ba ka cika jin sun ce yau a zauna ba.

Akwai tsohuwar dabara kuma: a ce wa mutum 400 farashi zai hau, a ce wa 400 zai sauka. Waɗanda aka dace a kansu a sake raba su biyu. Bayan zagaye uku, mutum 100 sun ga hasashe uku a jere babu kuskure, su ake tallata wa rukunin manya.

Hukumar CFTC, mai sa ido kan kasuwannin fiyucas a Amurka, tana tilasta wa mai tallan sakamakon da ba a kasuwa aka same shi ba ya rubuta gargaɗi cewa lissafin baya ne, an yi shi bayan an san yadda farashi ya kaya. Mai son gwada wani, ya nemi tarihin ciniki na asusu na gaske, wata shida ko fiye, da asarar a ciki. Sannan ya bi siginal talatin a takarda ba tare da sa kobo ba, yana rubuta farashin da ya tarar lokacin da saƙon ya iso wayarsa, yana cire kuɗin dandali da na wata.