Wai bara na cikin karatun allo? A'a, ba haka ba ne

Har yanzu akwai masu cewa in yaro bai yi bara ba karatunsa ba zai yi albarka ba, wai yunwa ce ke sa Alƙur'ani ya zauna. Wallahi wannan magana ba ta da tushe a addini. Annabi (SAW) ai cewa ya yi gara mutum ya ɗau igiya ya yo itace ya sayar da ya tsaya yana roƙon mutane, ko su ba shi ko su hana.

A da can tsangaya na da gata, malam na da gonarsa, gardawa su yi noma da damina su yi ɗinkin hula da rani, zakka na shigowa, sarakuna na taimakawa, kuma ƙolo, wato ƙaramin almajiri, yana da gidan da uwar ɗaki ke zuba masa tuwo kullum. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 sai kuɗin hukuma ya karkata wajen boko, aka bar malamai da Allah. Yau kuma talauci ya ƙaru, uba ya kai ɗan shekara shida birni ya juya, ko sabulu ba ya aikowa, sai ka gan shi a tasha da robarsa duk ƙaswa a kai.

Gwamnati dai an yi ta gwadawa, Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi, Sakkwato a 2012, Kano ta hana bara a 2020, amma fa je danja ka gani, yaran na nan.