Sharaɗin rubu'in eka: dokar agajin da ta raba manoman Ayilan da gonakinsu

A watan Yunin 1847, shekara biyu bayan cutar da ta ruɓar da dankalin turawa ta jefa Ayilan, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, cikin yunwa, majalisar Birtaniya ta yi wa dokar agajin matalauta kwaskwarima. A ciki akwai wani sashe da William Gregory, ɗan majalisa mai wakiltar Dublin, ya gabatar, har aka riƙa kiran sa da sunansa.

Abin da ya ce gajere ne. Duk wanda ke riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka, wato kamar murabba'in mita 1,000, ba a lissafa shi cikin mabuƙata, don haka ba shi da rabo a agajin hukuma, ko a gidan gajiyayyu ko a waje. In yana son abinci, sai ya sallama gonar.

A takarda kamar da hikima: kada mai abin hannu ya ci rabon fakiri. Amma yawancin waɗannan manoma haya suke yi, kuma gonar da dankalinta ya ruɓe ba ta ciyar da kowa. Ga wani abin kuma. Tun 1843, harajin agaji na duk ƙaramar gonar da ƙimarta ba ta wuce fam 4 ba yana wuyan mai ƙasar ne, ba ɗan haya ba. To, kowane talaka da ya tashi ya rage masa nauyi. Sashen ya zo wa masu ƙasa kamar faɗuwa ta zo daidai da zama. Da yawa, da mutum ya miƙa gona, sai a yaye rufin bukkarsa don kada ya dawo.

Wasu magidanta suka ƙi sallamawa, suka zauna da yunwa har ta kashe su da iyalinsu. Waɗanda suka sallama suka cunkushe a gidajen gajiyayyu guda 130 da dokar agajin matalauta ta 1838 ta kafa, inda atini da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa suka yi ta ɗauke mutane. Cuta ta kashe fiye da yunwar kanta.

A 1848 aka sassauta, aka yarda a ba mata da 'ya'yan mai gona agaji ko da bai sallama ba. Shi maigidan dai sharaɗin bai sake shi ba.