Cocin Sant Climent na Taüll

Cocin Sant Climent majami'ar ɗarikar Katolika ce da ke bakin ƙauyen Taüll, a kwarin Boí, cikin tsaunukan Pirenis na yankin Kataloniya a arewa maso gabashin Sifaniya. An keɓe ta domin ibada ranar 10 ga Disamba, 1123, ta hannun Ramon, bishop na Roda, kuma an rubuta shekarar da fenti a jikin ɗaya daga cikin ginshiƙanta. Washegari bishop ɗin ya keɓe cocin Santa Maria da ke tsakiyar ƙauyen. Sunan cocin ya samo asali ne daga Kilimanti, ɗaya daga cikin fafaroma na farko a birnin Rum.

Abin da ya sa ƙauyen makiyaya da manoma, mai tsayin kusan mita 1,500 daga matakin teku, ya iya gina coci biyu a lokaci guda shi ne dukiyar iyayen ƙasar, wato gidan sarautar Erill. Sun bi Sarki Alfonso na Aragon a yaƙe-yaƙensa da daulolin Musulmi na Andalus, a zamanin da aka ci birnin Saragosa a 1118, kuma ganima da filayen da suka samu a kudu ne suka biya magina da masu zane a wannan lungu na dutse.

Ginin kansa ba shi da ƙawa mai yawa. Zaure ne guda da aka raba gida uku da layuka biyu na ginshiƙai masu siffar ganga, waɗanda aka haɗa da baka na dutse, sannan aka rufa shi da katako mai gangare biyu maimakon ƙubbar dutse. A ƙarshensa na gabas akwai alkuki uku masu siffar rabin da'ira, na tsakiya shi ne babba, kuma a nan bagadi yake. Tagogin kaɗan ne kuma ƙanana, domin bango mai kauri shi ke riƙe ginin, shi ke kuma tare sanyin hunturu. Daga waje an ƙawata alkukan da jerin ƙananan baka marasa ƙofa da zanen haƙorin zarto, salon da ya fito daga maginan Lombadiya ta arewacin Italiya.

Hasumiyar ƙararrawa ita ce abin da matafiyi ke fara hangowa. Siririya ce mai kusurwa huɗu da hawa shida, tana tsaye a gefen kudu maso gabas, kuma tagoginta masu baki ɗaya, biyu ko uku suna rage mata nauyi yayin da take ƙara sama. Ban da kiran mutane zuwa sujada, irin waɗannan hasumiyoyi sun yi aikin tsaro a kwarin, domin daga wannan ana iya hango ta ƙauyen da ke gaba.

Sunan da cocin ya yi a duniya ya zo ne daga zanen babban alkuki, aikin wani gwani da ba a san sunansa ba, wanda masana ke kira Gwanin Taüll. Ya zana Yesu Almasihu zaune cikin wata doguwar da'ira mai tsini sama da ƙasa, hannunsa na dama a ɗage domin sa albarka, na hagu kuma yana riƙe da buɗaɗɗen littafi mai kalmomin Latin "Ego sum lux mundi", wato "Ni ne hasken duniya". A gefen kansa akwai harafin farko da na ƙarshe na Girkanci, Alfa da Omega. Mala'iku suna gabatar da alamomin marubutan Linjila huɗu: mutum na Matiyu, zaki na Markus, sa na Luka, gaggafa ta Yohanna. A ƙasa da su Maryamu da manzanni biyar suna tsaye cikin baka da aka zana. A saman bakan da ke gaban alkukin akwai Hannun Allah da Ɗan Rago mai ido bakwai, a gefe kuma ga Li'azaru, matalaucin da ke cikin wani misali na Linjila, jikinsa duk gyambo, kare yana lasarsa a ƙofar attajiri. Wannan ƙaramin hoto shi ne ya fi kusa da rayuwar mutanen da ke tsaye a zauren, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba.

Gwanintar mai zanen tana cikin fuskar nan mai doguwar siffa da manyan idanu, wadda aka gina da layuka baƙaƙe masu daidaito dama da hagu, har mai kallo ya ji kamar shi kaɗai ake duba. An yi zanen a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa domin launi ya kama ya bushe tare da bango, kuma shuɗin da ya mamaye shi an samo shi ne daga wani ma'adini da ake haƙa a tsaunukan yankin.

Zanen ba ya wurinsa a yau. Masana daga Basalona sun ziyarci kwarin a 1904 da 1907 suka bayyana shi ga duniya, abin da ya jawo hankalin dillalan kayan tarihi. Bayan da aka ɓamɓare zanen cocin Mur, wani coci na Kataloniya, aka sayar, har ya ƙare a birnin Boston na Amurka, hukumar gidajen tarihi ta Basalona ta yanke shawarar kwashe sauran da kanta. Tsakanin 1919 da 1923 ƙwararru 'yan Italiya suka manna ƙyalle mai danƙo a bangon, suka ɗaye fatar fentin, aka naɗe aka sauko da ita daga tsauni. Yanzu tana gidan tarihin fasaha na ƙasar Kataloniya, a kan wani alkuki da aka ƙera daidai da na asali.

Hukumar UNESCO ta sanya cocin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, tare da wasu coci bakwai da ƙaramin ɗakin ibada ɗaya na kwarin. Tun 2013 ana haska hoton zanen da na'ura a kan bangon alkukin, bisa ragowar fentin da ya ƙi biyo ƙyallen.