Silinda da mazurari a haɗe: wace fuska ake lissafawa?

Me ake nufi da faɗin fuskar abu haɗaɗɗe?

Ka ɗauki fensir da aka fiƙe. Jikinsa silinda ne, bakinsa kuma siffar mazurari ce. Da za ka tsoma shi cikin fenti, duk inda fentin ya taɓa shi ake lissafawa. Inda bai kai ba, babu ruwanka da shi.

To me ya hana a lissafa kowanne daban a tara?

A nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Wurin da gindin mazurarin ya zauna a kan silindar ya ɓuya. Da'ira biyu ne suka manne a nan, kuma ba ko ɗaya da ido ke gani.

Ga misali. Silinda ce mai radiyos (r, wato nisa daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta) santimita 3, tsayinta (h) 10, an ɗora mata mazurari mai radiyos iri ɗaya, tsayinsa a miƙe 4. Zagayen jikin silindar 2πrh ne, wato 60π. Gindinta πr², wato 9π. Jikin mazurarin πrl, wato 15π. Jimla 84π. In ka ɗauki π a matsayin 22/7, amsa ta zama murabba'in santimita 264. Wanda ya tara su a rarrabe zai sami 102π, ya yi ƙarin 18π na da'irorin nan biyu da suka ɓuya.

Ina aka samo l, alhali 4 aka bayar?

Harafin l tsawon gangaren ne, daga tsini zuwa bakin da'ira, ba tsayin tsakiya ba. Ƙa'idar Fitagoras ce ke fitar da shi: 3² da 4² sun ba da 25, saiwarsa 5. Wanda ya sa 4 a gurbin 5, lissafinsa ya karkace tun daga nan, komai kyan sauran aikinsa.

Idan mazurarin bai kai silindar faɗi ba fa?

Sai wani zobe ya rage a saman, fenti zai taɓa shi. Cire ƙaramar da'ira daga babbar, ka ƙara abin da ya saura.

Idan kuma rami aka haƙa cikin silindar da siffar mazurari, ragewa za a yi?

A'a. Ragewa a lissafin cikin abu ake yinta. Fuska kuwa ƙaruwa take yi, domin bangon ramin yanzu a buɗe yake. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, da alkaluman misalinmu, murfin sama mai 9π ya tafi, bangon rami mai 15π ya shigo, amsa ta sake komawa 84π daidai. Tsinin ya kalli sama ko ya nutse ciki, fentin da za a shafa ɗaya ne.