Dutsen Mora

Dutsen Mora yana can ƙarshen arewa na jerin duwatsun Mandara, a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Garin Mora, hedikwatar gundumar Mayo-Sava, yana gindinsa, kimanin kilomita 60 arewa da Marwa. An ƙiyasta tsayin dutsen da kusan mita 500 daga filin da ke kewaye da shi. Manyan duwatsu ne jibge bisa juna, da kogwanni da tsagogi a tsakaninsu.

Zamanin Wandala

Masarautar Wandala, wadda Hausawa da Barebari suka fi sani da Mandara, ta fara zama a Kerawa, sannan Dulo, daga baya Mora. Ana jin sarakunanta sun karɓi Musulunci wajen farkon ƙarni na 18. Dutsen shi ne mafakarsu duk lokacin da mahaya suka taso daga Barno ko daga Fulanin Adamawa, domin doki ba ya hawansa. Baturen Ingila Dixon Denham ya iso Mora a 1823 tare da rundunar Barno. Rabeh ya ci Dulo wajen tsakiyar shekarun 1890. Dangantakar masarautar da mazauna kan duwatsu, musamman batun kamen bayi, magana ce da har yau ake saɓani a kanta.

Yaƙin 1914 zuwa 1916

A nan ne sunan dutsen ya fita duniya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta 1914, lokacin Kamaru tana hannun Jamus, Kyaftin Ernst von Raben na Jamus ya bar barikinsa na cikin gari, ya haye dutsen da sojoji kimanin 200, mafi yawansu 'yan Afirka. Rundunar Ingila ƙarƙashin Kyaftin Fox ta taso daga Maiduguri, sojojin Faransa kuma suka biyo daga Chadi, aka yi wa dutsen ƙawanya. Sojojin da suka zo daga Najeriya da Hausa ake ba su umarni.

Duk harin da aka kai, sai an koro masu hawa. A Kirsimetin 1914 an ɗan tsagaita wuta, har ɓangarorin suka aika wa juna kyauta. Bayan faɗuwar Garwa a Yuni 1915, Birgediya Cunliffe na Ingila ya zo da manyan bindigogi, ya kai farmaki a Satumba, bai yi nasara ba. A watan ne harsashi ya sami von Raben a ka, amma ya rayu. Abin da ya fi gallabar na sama shi ne yunwa da ƙarancin ruwa. Sai da suka cinye dawakansu da jakunansu.

Yawunde ta faɗi a Janairu 1916, Mora ta zama wuri na ƙarshe a hannun Jamus a Kamaru. Von Raben ya miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916, bisa sharaɗin a bar sojojinsa baƙaƙe su koma gida lafiya, a kuma ba da kuɗin biyan albashinsu.

Hawa

Hanyoyin ƙafa ne, masu tsaye, wani wurin sai an dafa da hannu. Suna ratsa gonakin dawa da gero da aka tare ƙasarsu da jerin duwatsu hawa-hawa. Masu hawa kan tashi da asuba tare da ɗan jagora. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, sai dai hazo kan rufe filin da ya miƙe ta wajen Waza, wanda shi ne abin kallo daga sama.

Halin yanzu

Zuwan baƙi ya ragu ƙwarai tun 2013 saboda rikicin Boko Haram. Kasuwar Mora tana ci ran Lahadi.